Sabunta Lasisin Dattijo a Makon Zafi: Daga Ɗakin Gwajin Ido Zuwa Kan Titi

Takardar hukumar lasisi ta iso saura kwana 56 lasisin wani dattijo da nake kira Baba ya ƙare. Shekararsa 81, ya haura shekara 50 yana riƙe da sitiyari, kuma abu uku takardar ta nema: sakamakon gwajin ido, rahoton likita, da gwajin tuƙi a kan titi tare da mai jarrabawa. Koyar da tuƙi ne aikina, dattawa irinsa nake shiryawa, don haka ni na raka shi tun daga farko har ƙarshe. Ranakun da muka samu duk sun faɗo tsakiyar zafi, lokacin da ma'aunin zafi na mota ke nuna digiri 41 da azahar. Zan bi matakan yadda suka zo, in tsaya a wuraren da abu ke kwaɓewa, domin da yawan dattawan da nake gani sun faɗi, abin da ya kayar da su tsohon tabarau ne, ko ƙishirwa, ko fom ɗin da bai shiga ba, alhali hannunsu a sitiyari lafiya lau yake.

Kowace ƙasa da shekarar da take fara sa ido a kan direba. A Birtaniya daga shekara 70 ake sabuntawa duk bayan shekara 3, direba da kansa yake bayyana lafiyarsa a fom, amma dole ya iya karanta lambar mota daga nisan mita 20. A Japan mai shekara 75 sai ya zauna gwajin ƙwaƙwalwa, a nuna masa hotuna 16 a ce ya tuno su daga baya, kuma tun watan Mayun 2022 wanda ya aikata wasu laifuffukan hanya sai ya ci gwajin tuƙi kafin a sabunta masa. A lardin Ontariyo na Kanada daga shekara 80 ne, duk shekara 2, da gwajin ido da zanen agogo. A jihar New South Wales ta Ostareliya likita ke dubawa duk shekara daga 75, daga 85 kuma sai gwajin titi duk shekara 2, ko mutum ya zaɓi lasisin da ya taƙaita shi a kewayen gida. Shekarun sun sha bamban, amma abin da ake sa wa ido ɗaya ne: ido, ƙwaƙwalwa, gaɓoɓi, da yadda mutum ke yanke shawara a mahaɗar hanya.

Da ido muka fara, kuma da shi ya kamata kowa ya fara, saboda lokaci. Idan aka ce sai an sauya tabarau, yanka gilashi kan ci mako ɗaya zuwa biyu, sannan ido na bukatar 'yan kwanaki kafin ya saba, musamman da gilashin nan mai hawa-hawa, wanda samansa na hangen nesa ne ƙasansa na karatu. Wanda ya bar ido sai ƙarshe zai shiga gwajin titi gefen kwalta na yi masa rawa.

Allon haruffan da ake karantawa, wanda likitan ido ɗan ƙasar Holan, Herman Snellen, ya ƙirƙiro a 1862, ana auna shi ne daga mita 6. Layin da ƙasashe da yawa ke nema ga direban ƙaramar mota shi ne 6/12, wato ka karanta daga mita 6 abin da lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 12. Amurkawa da ƙafa suke aunawa, suna ce masa 20/40. Wani ɗan abu ya kusa ɓata mana lissafi a nan. Tabaraun Baba irin mai yin duhu a rana ne. 'Yar tafiyar da muka yi daga inda muka ajiye mota ta isa ta rina gilashin, muna shiga kuma aka kira shi, ya kasa wuce layi na uku. Irin wannan gilashi yana saurin yin duhu, amma washewarsa sai a hankali, tana cin mintuna. Ma'aikaciyar ta lura, ta ce, "Baba, ku zauna tukuna gilashin ya washe, ba gaggawa." Bayan minti 10 ya karanta layin 6/12 da ido biyu ba gargada, har ya taɓa rabin na 6/9. Tun daga ranar nake cewa a isa wurin saura minti 15. Kuma a hanya kada a bar iskar na'urar sanyaya mota tana bugun fuska kai tsaye: tana busar da ruwan ido, haruffa su riƙa narkewa. A juya ta ƙasa ko gefe, kafin a fara karatu kuma a ƙifta ido sosai sau da yawa.

Gwaji na biyu shi ne na faɗin gani, kuma shi na fi ba muhimmanci. Ana ɗora haɓa a kan wani maɗori, fuska cikin wani abu kamar ƙwarya, a kafa ido a kan ɗigon haske ɗaya a tsakiya, duk lokacin da wani haske ya ƙyalla a gefe sai a danna maɓallin da ke hannu. Nau'in da aka fi yi wa direbobi, mai suna Esterman, da ido biyu a buɗe ake yin sa, yana gwada wurare 120, cikin kamar minti 5. Birtaniya, alal misali, tana neman faɗin digiri 120 daga gefe zuwa gefe, kada kowane ɓangare ya gaza 50. Kurakuran da ake yi sanannu ne. Wani ya riƙa bin hasken da ido maimakon ya tsaya a tsakiya, sakamakon ya lalace. Wani ya kama salon bugun na'urar ya riƙa dannawa ko bai ga komai ba, ita kuwa da gangan take barin gurbi babu haske don ta kama mai yin haka, kuma idan dannawar banza ta yi yawa sai a soke gwajin. Firam mai kaurin hannu yana tare hasken gefe, fatar ido da ta sauko saboda shekaru tana tare na sama. Duk waɗannan a faɗa wa ma'aikaci kafin a fara, idan gajiya ta zo kuma a nemi a dakata.

Dalilin da ya sa nake tsayawa a kan wannan gwaji shi ne hawan jinin ido. Daga gefe yake fara cin gani, ba ciwo ba raɗaɗi, mutum yana karanta ƙananan haruffa tsaf amma yaron da ya fito daga bayan motar da aka ajiye ba zai gan shi ba sai ya iso gabansa. Na Baba ya fita lafiya. Abin da likita ya gani shi ne yanar ido ta fara taruwa a idon hagu, kuma da aka tambaye shi ya amsa cewa fitilun motoci da dare suna tarwatse masa kamar tartsatsi. Don a ga cikin ido sai da aka ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido, wanda ke dusashe gani na awa 4 zuwa 6. Ranar ba a tuƙi, kuma kada a kuskura a haɗa ta da ranar gwajin titi.

Wurin likita mun tafi da magungunansa duka a cikin kwalayensu, har da waɗanda ya saya da kansa. Faɗin suna da ka ba ya wadatarwa, domin adadin miligiram da lokacin sha su likita ke nema. Yana duban masu sa gyangyaɗi: maganin barci, wasu magungunan mura da ƙaiƙayi, da masu kashe ciwo masu ƙarfi. Baba yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, wanda a lokacin zafi yake ƙara zuƙe ruwan jiki. Shi ya sa aka auna jininsa a kwance, aka sake aunawa bayan ya miƙe. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye cikin minti 3 da tashi, wannan ne jirin da ke ɗibar mutum yana fitowa daga mota. Mai yin allurar insulin kuma yana da nasa ƙa'idar. A Birtaniya ana so ya auna suga cikin awa 2 kafin tuƙi, idan ya sami 5.0 ko ƙasa a ma'aunin mmol/L ya ci wani abu, idan ƙasa da 4.0 ne kada ya tayar da mota, kuma bayan suga ya dawo daidai ya jira minti 45.

Sai gwajin ƙwaƙwalwa. Aka ba shi farar takarda aka ce ya zana agogo, ya sa lambobi, ya nuna ƙarfe 11 da minti 10. Ba a banza aka zaɓi wannan lokaci ba: kunne ya ji "goma", hannu na son ya kai doguwar allura kan lamba 10, alhali kan 2 ya kamata ta tsaya. Mai lafiya yakan danne wannan jan, wanda ƙwaƙwalwarsa ta fara rauni yakan bi shi. Dabarar da ta halatta ita ce a fara sa 12, 6, 3 da 9, sannan a cike sauran, don kada lambobi su cunkushe a gefe ɗaya. Na biyu takarda ce mai da'irori 25, a haɗa su da layi ana musanya lamba da harafi: 1 zuwa A, A zuwa 2, 2 zuwa B, har ƙarshe. Yana auna yadda hankali ke tsallakawa tsakanin abu biyu, kamar yadda direba ke raba ido tsakanin danja da mai tafiya a ƙasa. Likitoci da dama suna ɗaukar wuce minti 3, ko kuskure 3, a matsayin alamar a ƙara bincike. Baba ya gama a minti 2 da 'yan daƙiƙoƙi, da kuskure ɗaya da ya gyara da kansa.

A nan ina da magana ga 'ya'ya da jikoki. Nuna wa dattijo yadda gwajin yake don kada ya firgita daidai ne. Haddatar da shi amsa, ko ɓoye wa likita cewa ya taɓa suma ko ya taɓa ɓata a hanyar da ya saba, wannan cutarwa ce gare shi da kuma duk wanda zai gifta gaban motarsa. A Birtaniya ɓoye irin wannan ciwo na iya jawo tarar da ta kai fam 1,000, kamfanin inshora kuma na iya ƙin biya idan aka yi haɗari.

Daga nan sai fom na intanet, inda muka ɓata kwana biyu. Kwamfutar cinya ce ta Baba, ta kai shekara 6. Sau biyu muna kaiwa shafin ɗora takardu, sai fanka ta ɗauki kuka kamar injin niƙa, linzami ya fara jan ƙafa, allo ya ɗauke ɗif. Baba ya ce, "Malam, ko ƙwayar cuta ce ta shige ta?" Na taɓa ƙasanta, hannu bai iya daɗewa ba. Masu ƙera irin waɗannan kwamfutoci galibi suna rubuta a yi aiki da su inda zafi bai wuce digiri 35 ba, ɗakin kuwa ya kai 37 ko da taga a buɗe. Ƙwaƙwalwar kwamfuta idan ta doshi digiri 95 zuwa 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, shi ne jan ƙafar da ake gani. Idan hakan bai isa ba sai ta kashe kanta gaba ɗaya.

Abu na farko, a kan matashi yake ɗora ta, ramukan shan iska kuwa a ƙasa suke, matashin ya toshe su. Muka kashe ta sosai, muka zare caja, muka ba ta minti 20. Sai na kawo gwangwanin iskar nan da ake share na'urori da ita. Ana riƙe shi a tsaye, a fesa kaɗan-kaɗan na daƙiƙa ɗaya ko biyu, domin idan aka karkata shi ruwa mai sanyi yake fitarwa. Kafin fesawa a zura tsinken sakace ta ramin a tare fuka-fukan fanka, don iskar na iya juya ta fiye da ƙima ta lalata ta. Ƙurar da ta fito dunƙule take kamar auduga, ita ce ta yi bango tsakanin fanka da ƙarafan da ke fitar da zafi. Muka mayar da kwamfutar kan tebur, muka ɗaga bayanta da murfin kwalba biyu don iska ta ratsa ta ƙasa. Da ta tashi na danna Ctrl da Shift da Esc tare, wanda a Windows yake nuna abin da ke cin ƙarfin na'ura: shafuka 23 a buɗe a burauza, ga sabunta manhaja na gudana a ɓoye. Muka bar sabuntawar ta gama, muka rufe shafukan. Caji ma yana ƙara zafi, don haka muka cika batir da daddare, washegari ƙarfe 6 na safe muka yi aikin ba caja.

Abu biyu ne kada a yi. Kada a sa kwamfuta ko waya a firji ko a kan ƙanƙara, domin raɓa za ta taru a cikinta, ruwa kuma ya fi zafi ɓarna. Idan kuma aka ga wurin shafa yatsa ya ɗago, ko murfi ya ƙi rufuwa daidai, batir ne ya kumbura. A daina caji nan take, kada a matsa shi, a kai wa mai gyara.

Sauran matsalolin ba na zafi ba ne, amma su suka fi kama dattawa. Irin waɗannan shafuka suna korar mutum idan ya daɗe bai taɓa komai ba, don haka a jera komai a kan tebur kafin a shiga: tsohon lasisi, katin shaida, kalmar sirrin imel, sunayen magunguna, takardun likita an riga an ɗauke su. Lambar tabbatarwa da ake turowa waya mintuna kaɗan take yi ta mutu, kuma idan aka nemi sabuwa tsohuwar ta tashi aiki, ta ƙarshe kaɗai za a sa. Takardar likitan da muka ɗauka da waya ta kai megabait 6, shafin kuwa 2 yake karɓa. Muka sake ɗauka da manhajar sikanin, fari da baƙi, aka mayar da ita PDF, ta dawo ƙasa da rabin megabait kuma hatimin likita na fitowa sarai. Wasu wayoyi suna ajiye hoto a tsarin HEIC, wanda shafuka da yawa ba sa karɓa, sai an sauya zuwa JPEG. Idan burauza ta riƙa gargaɗin cewa shafin ba amintacce ba ne, a fara duba agogon kwamfutar. Kwanan wata da ya kauce yana sa ta ƙi yarda da takardar tsaron shafi, kuma a tsofaffin na'urori sau da yawa ɗan batirin nan mai kamar kwabo ne ya mutu. Suna a rubuta shi harafi da harafi yadda yake a tsohon lasisi. Adireshin shafin kuma a kwafe shi daga takardar hukuma, kada a nemo shi ta bincike, domin akwai shafukan kwaikwayo da ke sayen gurbin talla a sama suna karɓar kuɗi a kan aikin da ba nasu ba. Maɓallin aikawa sau ɗaya ake danna shi, a jira, lambar shaida na fitowa a rubuta ta a takarda.

Da fom ya shiga aka buɗe mana zaɓen rana. Akwai gurbin ƙarfe 2 na rana bayan kwana uku, akwai na ƙarfe 8 da kwata na safe bayan kwana tara. Na safen muka ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Jikin dattijo ba ya jin ƙishirwa da wuri, gumin da ke sanyaya shi ma ya ragu, ga maganin fitsari. Ƙarancin ruwa kaɗan ya isa ya rage saurin ɗaukar mataki, kuma wannan lissafi ne mai sauƙi: motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Jinkirin rabin daƙiƙa kafin ƙafa ta kai birki mita 7 ke nan, tsawon mota ɗaya da rabi.

Kwanakin tara sun ba mu damar duba mota. Iskar taya da safe ake auna ta, kafin a motsa, a bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba. Tayar da ta yi tafiya a kwalta mai zafi za ta nuna fiye da haka, kuma kuskure ne a rage mata, domin tana hucewa za ta koma ƙasa da ƙa'ida. Ruwan injin a duba shi a farar robar da ke gefe, tsakanin layin sama da na ƙasa, injin a sanyaye. Murfin lagireto ba a buɗe shi da zafi, ruwan ciki a matse yake kuma yakan iya wuce digiri 100, yana iya tsartuwa a fuska. Na'urar sanyayawa ta motar Baba ta yi rauni, muka zaro matatar iskarta daga bayan akwatin gaban fasinja, ta toshe da ƙura da ganye, aka sa sabuwa iska ta dawo. Gilashin gaba a goge shi ta ciki, domin akwai wani maiƙo da robar gaban mota ke fitarwa a zafi, wanda ba a ganinsa sai hantsi ya bugo shi ya zama hazo. Fitilar birki, sigina, hon, waifa, bel, duk a gwada. Mai jarrabawa na iya ƙin shiga motar da fitilar birkinta ɗaya ta mutu.

Atisaye uku muka yi, minti 45 kowanne, duk da sassafe. Kurakuran tsohon direba na sabo ne. A alamar tsayawa Baba rage gudu yake yi ya silale, alhali ana so taya ta tsaya cik a bayan layi. Na ce ya riƙa jira sai ya ji motar ta ɗan koma baya ta zauna, sannan ya ƙirga biyu. Wajen sauya layi madubi kaɗai yake kallo, wuya ya yi tauri, wurin da madubi ba ya nunawa kuwa ya isa ya ɓoye babur. Maganin shi ne ya ɗan ɗago bayansa daga kujera ya juya da kafaɗa gaba ɗaya. Ɗan madubin nan mai kumburi da ake mannawa yana taimakawa, amma mai jarrabawa juyawar kai yake son gani. Kujera mun gyara ta yadda tsakanin ƙirji da sitiyari ya kai santimita 25, saboda jakar iska, diddige kuma a kafe a ƙasa daidai birki, ƙafa na juyawa zuwa totur ta dawo. Wanda yake ɗaga ƙafa gaba ɗaya shi ne yake taka totur a madadin birki idan ya firgita. Takalmi rufaffe mai siririn ƙasa, ban da silifas, komai zafi.

Ranar gwajin ya sha kofin ruwa da ya tashi, ya ƙara wani saura awa ɗaya, ya zaga kafin a kira shi. Mai ciwon zuciya ko ƙoda da likita ya ƙayyade masa ruwa, abin da likita ya ce zai bi. Muka sami inuwa muka ajiye mota, muka shimfiɗa abin tare rana a gilashin gaba. Motar da aka rufe a rana cikinta yana ƙaruwa da kusan digiri 10 a minti 10, kusan 20 a rabin awa, sitiyari ya yi zafin da mutum zai riƙe shi da kan yatsu, kuma da irin wannan riƙon ba a cin gwaji. Saura minti 5 muka buɗe ƙofofi duka iska ta ratsa, aka kunna sanyi a kan iskar waje, daga baya aka mayar da shi kan mai zagayawa a ciki. Da Baba ya tashi da ciwon kai ko jiri ko wani ruɗewa, da mun nemi a ɗage, ba kunya a ciki.

An ba ni izinin zama a baya da sharaɗin kada in ce uffan. Minti 35 aka yi: unguwa, shataletale biyu, babban titi, ribas zuwa wurin fakin. Inda na riƙe numfashi shi ne wata mahaɗa mara danja, inda zai juya ya ratsa hannun motocin da ke tahowa. A nan ne haɗarin tsofaffin direbobi ya fi yawa, domin auna gudun motar da ke tunkaro ka yana ƙara wuya da shekaru. Ya shiga ya tsaya, tayoyin gaba a miƙe kamar yadda muka yi atisaye, don ko an buge shi ta baya kada a tura shi cikin masu tahowa. Gurbi ɗaya ya zo, ya bar shi. Na biyu ya zo, ya ɗan saki birki, ya sake takawa. Na bayanmu ya danna hon. Na ga yatsun Baba sun ƙara damƙe sitiyari, gumi na bin bayan kunnensa duk da sanyin motar, amma idonsa bai bar titi ba. Wata farar babbar mota ta wuce, bayanta fili, ya juya a tafiya ɗaya ba tsayawa a tsakiya. Mai jarrabawa bai rubuta komai ba a wurin.

Abu biyu ya rubuta a wasu wurare. A babban titi mai iyakar 60 Baba ya daɗe yana tafiya a 40 har motoci suka taru a bayansa. Dattawa da yawa suna ɗaukan wannan a matsayin taka-tsantsan, amma a takarda kuskure ne, domin yana tilasta wa na baya yin aron hannu. Na biyu, sau ɗaya ya juya kai bayan ya riga ya fara karkata sitiyari, alhali madubi ne farko, sai sigina, sai juyawar kai, sannan hannu ya motsa.

Aka ce ya ci, da sharaɗi uku: tabarau dole, tuƙin rana kawai, kuma a sake duba yanar idon bayan wata 12. Sharaɗin dare ya taɓa shi, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaya ko na har abada ne. Mai jarrabawa ya ce, "A'a Baba, idan an yi muku aikin ido likita ya rubuto, kuna iya neman a sake dubawa." Ya gyaɗa kai ya sa hannu.

Kafin katin ya iso an ba shi takardar wucin gadi, da rasit irin na siririyar takarda mai santsi da zafi ke buga rubutunta. Irin wannan idan ta yini a gaban mota baƙi take yi gaba ɗaya, lambar da ke jiki ta ɓace. Na ɗauki hotonta da waya tun muna tsaye, ya ninke ta ya sa a walat tare da tsohon lasisin. Ranar komawa wurin likitan ido kuma muka rubuta ta bayan wata goma, ba goma sha biyu ba, don in har sai an yi aiki, ido ya sami makonnin warkewa kafin wata takardar ta iso.